Famfon Kwamin Kifi: Wanne Za Ka Saya, Wanne Za Ka Gudu?

Kafin ka taka kasuwa, ɗauki awo ka auna kwaminka. Tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa, a mita, sannan ka ninka da 1,000. Kwami mai mita 3 a tsawo, 2 a faɗi, 1 a zurfi yana cin lita 6,000. Abin da ake so shi ne famfon da zai zagaya da wannan ruwan gaba ɗaya cikin awa ɗaya zuwa biyu. Idan tarwada ce ka cika, ka tsaya a kan awa ɗaya, don cinta da yawa, kashinta ma haka.

Injin fetur na ban ruwa, bar wa masu fadama kayansu. Zai sha maka mai, ya hana maƙwabta barci. Sumo na rijiyar burtsatse kuwa don tsabtataccen ruwa da hawa sama aka ƙera shi, dattin kwami shaƙe shi yake yi. Famfon lantarki na waje ba laifi, sai dai da iska ta shiga bututun, sai ka koma ɗura masa ruwa.

Ni nawa zaɓin shi ne ƙaramin famfon da ake nutsarwa cikin kwamin, wanda aka yi musamman don kifi. Ruwan da yake ciki shi ke sanyaya shi, don haka yana kwana yana wuni yana aiki, ba ka jin komai sai zubar ruwa. Mai tura lita 6,000 a awa galibi bai kai wat 100 ba, alhali injin doki ɗaya wajen wat 750 yake ci. Wannan bambancin ne ke sa inbata da batir su riƙe shi har asuba in an ɗauke wuta. Wankinsa ma ba sai an kira falamba ba: ka zare murfin, ka ciro farfelar, ka goge gansakuka da tsohon buroshi. Sharaɗinsa ɗaya, kada ya yi aiki a bushe. Kuma cire soket kafin ka tsoma hannu a ruwan, komai sabuntar wayar.

Lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kwali ruwan da yake turawa ne idan ba hawa. Duk mita ɗaya da ruwa zai hau zuwa matatar da ke tace dattinsa, ƙarfin raguwa yake. Juya kwalin ka nemi jadawalin tsayi, wato mai nuna ruwan da famfon ke turawa a kowane hawa. In babu, ajiye musu abinsu.

Bututu kuma nan mutane ke tsumulmular da ke cutar da su. Lita 6,000 a awa tana son inci ɗaya da rabi. Cikinsa ya ninka na inci ɗaya fiye da sau biyu. Rage yawan gwiwoyi, kowace tana cin ƙarfi. Bututun fitar da datti ya zama inci 2 ko 3, kuma ka binne shi ko ka rufe, rana na sa roba ta yi ƙaras ta fashe.

To, ga inda gizo ke saƙa: jabu. An taɓa sayar mini da wani mai ƙyalli, aka rantse mini naɗinsa jan ƙarfe ne zalla. Da ya ƙone, mai naɗin koyil ya kankare wayar da wuƙa, sai ga farin alminiyam an shafa masa launi. Tun daga nan nake ɗaga famfo in ji nauyinsa kafin in tambayi kuɗi, don jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi wajen sau uku. Wasu ma sitika kawai suke sauyawa, rabin doki ya wayi gari doki ɗaya. Duba ko lambar da ke jikin injin ta yi daidai da ta kwali. Na gwanjo daga Amurka yawanci na wuta 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230 ce, jona shi kai tsaye ƙonewa ne nan take. Fayif ma akwai mai siririn baya da ake sayarwa a kuɗin mai kauri. Matsa bakinsa da yatsu, in ya lotse ba shi ba ne.

Kada ka yarda da "in ya ba da matsala ka dawo da shi, Alhaji" sai an rubuta a rasit. A gwada a gabanka da bokiti mai lita 20. Famfon lita 6,000 na gaskiya cikin daƙiƙa 12 zai cika shi. Wanda ya ce ba ruwa a shagonsa, matsa gaba, shago ba ɗaya ba ne.