Kabewar gasawa: wacce za ki saya, wacce za ki wuce

Kaka ta yi, kabewa ta cika kasuwa. A wurinmu da an ambace ta miyar taushe ce ke faɗo wa mutum a rai, sai kuma fate. A Amurka da Kanada kuwa, da sanyi ya fara leƙowa a watan Oktoba, raba ta biyu suke yi, su shafe cikinta da bota da sukari, su gasa a obin har gefenta ya yi duhu, a ci tare da nama. Ba a rasa ta a teburin bikin godiyarsu na shekara, wanda Amurkawa ke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, 'yan Kanada kuma Litinin ta biyu a Oktoba, a ajiye ta kusa da gasasshen talotalo. Matanmu da ke zaune can da masu ganin hotunan a Instagram sun fara gwadawa. Ta wata takan fito da zaƙi da gari, ta wata kuma ta fito tsamo-tsamo cikin ruwa, salam ba ɗanɗano, alhali awo ɗaya suka bi. Tun a gaban mai sayarwa suka rabu.

Dalilin kuwa, abin da miya ke so a jikin kabewa shi ne gashi ba ya so. Miya na son wadda za ta narke ta bi ruwa. Gashi kuma aikinsa ƙone ruwan da ke cikin tsoka, domin sukarin jikinta ya taru wuri guda ya soyu. In ruwan ya yi yawa, kabewar turara kanta za ta yi ta yi a cikin obin, awa guda ta wuce ba ta ko canza launi ba. Sukarin ma ba ranar da aka cire ta daga gona yake cika ba. Gari ne ke cikin tsokar da farko, sai ta kwanta makonni a ajiye ya riƙa juyewa zuwa sukari a hankali. Saboda haka tambaya biyu za ki riƙe duk inda kika shiga, ko Yankaba ce a Kano ko wani kanti a Landan: tsokar nan ƙafaffa ce? Ta kuma huta bayan girbi?

Mu fara da tamu ta gida, tunda ita ce mafi yawanmu za mu samu, kuma ita ce mafi araha. Asalin duk kabewar duniya nahiyar Amurka ne. An tono 'ya'yanta da suka kai shekara dubu goma a wani kogo a jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko, kuma sai bayan 1492 jiragen Turawa suka yaɗa ta zuwa Afirka da Asiya. Tun da ta zo manomi ke ajiye iri daga gonarsa, ƙudan zuma kuma na ɗaukar garin fure daga wannan gona zuwa waccan, shi ya sa tsibi ɗaya za ki ga doguwa da kewayayya da mai dabbare-dabbare, kowacce da halinta. Ba suna a jikinsu, ba tabbas. Wannan ne aibinta ga mai son gashi.

Amma tana da wata falala da kabewar kanti ba ta da ita: yanka-yanka ake sayar da ita, kina ganin cikinta kafin ki ba da kuɗi. Ki dubi launi, ruwan goro mai duhu kike nema, ba rawaya mai haske ba. Ki dubi kaurin tsoka tsakanin ɓawo da ramin 'ya'ya, in bai kai faɗin yatsu biyu ba gashi zai cinye shi. Ki danna fuskar yankan da yatsa. In ya lotsa ko ruwa ya tsattsafo, ko kika ga zare-zare a tsokar, wannan ta miya ce. Wadda kike so tauri gare ta, wuƙa na shiga da ƙyar, fuskar yankan kuma sumul. Kada ki ji nauyin tambaya: "Baba, wannan ta bana ce sabuwar cira, ko ta ɗan kwana?" Masu kayan miya sun san kayansu, kuma in kika ce mai gari kike so, sau da yawa daga ƙasan tsibi za a zaro miki wata. Sai dai yankakkiya ta sha ƙura da ƙuda, don haka ki yanke fuskar ki zubar, ki kuma yi amfani da ita cikin kwana biyu zuwa uku ko da tana firji.

In kuma guda za ki ɗauka, farce ne alƙalinki. Ki gwada soka shi a ɓawon. In ya shiga cikin sauƙi ba ta ƙosa ba. Guntun karan da ke kanta ya zama busasshe ƙayau, ba ɗanye kore ba, kuma kada ki karɓi wadda karan ya cire ya bar rami, ta nan ruɓa ke shiga. Ki ɗaga biyu masu girma ɗaya, ki ɗauki wadda ta fi nauyi. Girma kansa kada ya ruɗe ki, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Manyan nan da sai mutum biyu sun kama, yawancinsu ruwa ne da rami.

Sai mai dogon wuya mai launin ƙasa-ƙasa, wadda a manyan kantunan Abuja da Legas da na ƙasashen waje za ki ga an rubuta mata butternut. Da za a ce in zaɓi ɗaya tak wa wadda ba ta taɓa gasa kabewa ba, ita zan zaɓa, duk da ta fi tamu tsada nesa ba kusa ba. Abin da kike saya a nan tabbas ne. Irin da ya fi yaɗuwa, Waltham, a jihar Masachuset aka gyara shi, ya ci lambar yabon masu iri ta Amurka a 1970, kuma tun daga nan kusan duk wadda kika ɗauka hali ɗaya za ta nuna miki. Wuyan nan tsoka ce zalla ba rami, 'ya'yan suna can ƙasa a ɗan tulun gindinta. Wannan ya ba ki dabarar zaɓe: ki nemi mai kaurin wuya da ƙaramin gindi, kin ga kuɗinki ya tafi a abin ci. Ɓawonta sumul ne, abin feraye dankali ma ya isa ya cire shi. Ki guji mai sheƙi da mai jirwayen kore, an yi gaggawar cire su. Tsokarta tsaka-tsaki ce, ba ta bushe ƙarau ba, ba ta kuma kwararar da ruwa, shi ya sa take yafe wa mai koyo. Ko kin ƙara mata minti goma ba ta ɓaci. Danginta na jure zafi da laima fiye da sauran, don haka mai ɗan fili a bayan gida zai iya gwada shuka ta da damina.

Wadda ta fi ta zaƙi ita ce kabocha ta Japanawa, gajeriya mai faɗi, koriya shar mai duhu, jikinta da ɗan kaushi. Wannan gari ne da ita har ya so ya yi yawa, in ba ki wadata ta da mai ba sai ta shaƙe mutum. Ɓawonta ana cinye shi in ya gasu, ba sai an fere ba, kuma ya yi kyau da ba a ferewa, don yanka ta kaɗai aiki ne. Sai babbar wuƙa mai kaifi da katako mai zama daram. Ki juya ta ki dubi gefen da ya kwanta a ƙasa a gona, in tabon ya yi ruwan goro ta nuna. A ganina zuba wa wannan sukari ɓarna ce, man shanu da gishiri sun ishe ta. Matsalarta samu: in ba kina ƙasar waje kusa da kantin 'yan Asiya ba, da wuya ki ci karo da ita.

Akwai kuma ƙaramar nan mai tsaga-tsaga a jiki, acorn, wadda ita ce a yawancin hotunan da kike gani. Farin jininta daga siffarta yake. In an raba ta biyu, kowane rabi ya zama ɗan kwano da zai riƙe bota da sukari, a ba kowa nasa. Amma in aka raba tsokar da abin da aka zuba mata, ba ta da wani abin faɗi, zaƙinta kaɗan ne kuma tana da zare. Ba ta ƙara daɗi da ajiya yadda waɗancan biyun ke yi, bayan wata ɗaya ko biyu ma ja da baya take. In kika ga duk jikinta ya koma ruwan goro, ta tsufa, ki bar ta. Don kwalliyar tebur ranar baƙi, ba laifi. Don ɗanɗano, ba zan biya kuɗinta ba.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. Delicata, doguwa mai ratsin kore, ɓawonta siriri ne ana ci, tana gasuwa da wuri, amma ba ta jure ajiya. Wadda ake kira spaghetti tsokarta warwarewa take sili-sili, ba ta wannan aikin ba ce. Jibga-jibgan nan masu launin lemo da ke cika ƙofar kantunan Amurka da Ingila gab da bikinsu na Halloween ranar 31 ga Oktoba kuwa, don a sassaƙa musu fuska a ajiye a bakin ƙofa aka noma su. Baƙuwa takan gan su da araha ta ɗauka ta yi tsintuwa, alhali ruwa ne da zare.

Bayan kabewa sai abin zaƙi, kuma a nan mun fi su sa'a. Su can Amurka da Kanada jan sukari suke sawa ko ruwan itacen maful, wanda mafi yawansa daga lardin Kwibek na Kanada yake fitowa, kuma sai an dafa kusan lita 40 na ruwan itacen kafin a samu lita ɗaya, shi ya sa tsadarsa. Ba ki da buƙatar nemansa. Mazarƙwailar da ake yi da rake a yankin Maƙarfi ta fi dacewa da kabewa fiye da duk abin da za ki sayo a kwalba, don ƙamshin dafuwa na jikinta tun asali. Ki goga ta ko ki daka, cokali biyu sun ishi kilo ɗaya na kabewa, wanda zai wadaci mutum huɗu in da wani abinci a gefe. Farin sukari zai yi zaƙi amma ba ƙamshi. Zuma tana da daɗi, sai dai saurin ƙonewa gare ta, ta yi ɗaci. In ita za ki sa, ki bari sai saura minti goma ki sauke sannan ki shafa. Kuma in akwai jaririn da bai cika shekara ba da za a ɗanɗana wa, kada a sa zuma sam.

Wajen mai, man shanun da aka soya ruwansa ya ƙone ya fi bota jure wuta. Sai dai ki lura, yawancin soyayyen man shanun kasuwa da albasa aka soya shi, don tuwo aka yi shi. Ki sayi ɗanye ki soya abinki ba albasa, ko ki jefa masa kanumfari biyu. Kirfa ce abokiyar wannan gashi, da ɗan garin citta ko gyaɗar ƙamshi, kuma kada ki manta da gishiri ɗan kaɗan, shi ke fito da zaƙin. Ni har ɗan barkono nake barbaɗawa.

Irin wutar da kike da ita ma tana da ta cewa wajen zaɓe. Mai obin na gas ta sa shi digiri 200 a ma'aunin Salsiyas (°C). Rabin kabewa zai ci minti 45 zuwa awa ɗaya. Ki fara kifa shi a kan tire, in ya yi laushi ki juya ki zuba mai da mazarƙwaila a ramin, ki mayar. In kin yanka ƙanana kuwa, minti 30 ya kusa isa, amma ki baza su kada su hau kan juna, in sun cunkushe sai su koma turara. Wadda ba ta da obin, tukunyar yashin da ake gasa kek da ita za ta yi, sai dai tururi ba ya samun hanyar fita a rufaffiyar tukunya, don haka a nan ne zaɓen ƙafaffar kabewa ya fi zama dole. Ki yanka sirara, ki riƙa ɗaga murfin kina goge gumin da ya taru a cikinsa.

Ko wacce kika saya, ki ɗanɗani ɗan yanki ɗanye kafin ki fara aiki. In kika ji ɗaci sosai a harshe, ki zubar da ita gaba ɗaya. Akwai wani guba da dangin kabewa da duma ke iya tarawa, dafuwa ba ta kashe shi, sukari ba ya ɓoye illarsa, kuma yana jawo amai da gudawa. Ba kasafai ake samu ba, ya fi faruwa a wadda ta fito da kanta a juji ko bayan gida.

In kin samu mai kyau da araha yanzu da kaka, ki sayi biyu ko uku ki ajiye. Kabewar da ba a yanka ba ba ta son firji; wuri mai sanyi-sanyi da iska take so, kamar digiri 10 zuwa 15, abin da ɗakin ajiya a ƙasarmu kan kusanta da hunturu. Ki ɗora su a kan katako ko kwali maimakon siminti, kada su taɓa juna, ki nisanta su da ayaba da tuffa, don iskar da waɗannan ke fitarwa tana saurin tsufar da su. Mai dogon wuya takan kai wata biyu zuwa uku a haka. Ki riƙa juya su duk mako, wadda kika ga ta fara laushi kusa da kara ita za ki fara yankawa.