Gyaran sikirin na kai Farm Centre, na ɓige da kallon tsofaffin wayoyi

Jama'a bari in faɗi yadda ta kaya tsakanina da wani mai gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, don tun da na ɗora a status ake ta tambayata ya aikin nasa yake. Sunansa dai ba zan kama ba tunda ban nemi izininsa ba.

Ranar Talata ina saukowa daga adaidaita sahu a Zoo Road wayata ta suɓuce daga aljihun gaba ta faɗi ruf da ciki a kan kwalta, ina ɗagowa na ga sikirin ya yi baƙi ƙirin, ana kira tana ƙara amma ba halin ɗagawa. Wallahi ji na yi kamar an ɗaure ni da igiya, don ko kuɗin motar babu tsaba a jikina, tiransifa na saba yi, ga mai adaidaita ya zuba min ido, ga kwastomomin yadi da ke jiran in tura musu hotuna, kuma ko lambar matata ban haddace ba (kar wanda ya faɗa mata). Wani bawan Allah ne ya biya min.

Dama ni ina tsoron masu gyara, don bara na kai wata waya wani wuri daban, aka ce in bar ta in dawo gobe, da na karɓo sai batirin da ke yi min wuni ya koma ba ya kai la'asar, ka san dai abin da ya faru. To wannan karon wani abokina ne ya yi min kwatance.

Abin da ya fara burge ni, ina miƙa wayar ya ce Alhaji cire layinka da memori ka riƙe a hannunka, kuma kar ka ba ni fasuwod, in na gama kai za ka buɗe da kanka mu gwada. Sannan ya fito da sikirin iri biyu ya ajiye, ya ce wannan orijina ne 34,000, wannan kwafi ne 19,000, zai yi aiki amma in ka shiga rana sai ka ƙanƙance ido, zaɓi ya rage naka. Ni da aljihu ya yi magana sai na ɗauki kwafin. A gabana ya ɗumama bayan wayar ya buɗe, ba wani shiga da ita ciki ko miƙa wa yaro ya kai wani layin.

Ina zaune ne idona ya kai kan wata kwabar gilashi a gefe, cike da tsofaffin wayoyi, wai ba na sayarwa ba ne tarawa kawai yake. Kai jama'a! Ga Nokia 3310 nan da ranta, wadda muka ƙarar da ƙuruciyarmu muna buga wasan maciji, ga Sagem, ga Motorola mai murfi, ga rakani kashi wato Nokia 1100 mai tocila, wadda duk wanda ya yi zamanin NEPA ya san amfaninta. Nan fa hira ta ɓarke, don shi ma ba yaro ba ne. Muka tuno 2001 lokacin Obasanjo da Econet da MTN suka fara, kafin nan sai wayar NITEL ta gidan masu hali, layin Econet ko MTN kaɗai ba waya ba sai ka ajiye wajen naira 20,000, minti ɗaya naira 50, ko salamu alaikum kawai ka ce ka kashe an cire maka na minti guda cur, sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin sakan-sakan sannan aka ɗan sarara. Yaran yanzu ba su san masu lema da teburi a bakin titi da ake biya a yi kira ba, ba su san fulashin ba, ka yi wa mutum sau biyu ya gane cewa ka iso, balle kiran dare na kyauta da ya hana samari da 'yan mata barci, da safe kowa ido ja wur a aji.

A layin sama kuma BlackBerry ce har guda uku. Lokacin da take tashe in ba ka da PIN ɗin BBM ai kai ba ɗan gayu ba ne, mu talakawa muna can muna fama da 2go da Opera Mini a ƙaramar Nokia. Yanzu ga ta nan a kwance sai dai kallo, tun Janairun 2022 kamfanin ya rufe sabis ɗin tsofaffin wayoyin. A gefenta akwai irin 'yar Chainan nan mai eriyar talabijin, mai sifika kamar ta masu tallan magani.

Wata magana da ya yi ita ta tsaya min. Ya ce kowa in ana tarihin babbar waya sai ya ce Steve Jobs ya fito da iPhone a 2007, Android ta biyo baya a 2008, kuma gaskiya ne, amma mu nan ba iPhone ce ta sa waya mai shafawa a hannun mai shayi da mai kayan miya ba, Tecno ce da Itel da Infinix, kuma duk ukun kamfani ɗaya ne, Transsion da ke Shenzhen a Chaina. Su suka gane mutum na son layi biyu saboda sabis ɗin wani ya fi na wani a ƙauyensu, yana son batir mai jure rashin wuta, yana son kyamarar da za ta fito da baƙar fata tas ba ta mai da shi inuwa ba. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, ni kaina babbar wayata ta farko Tecno ce.

Ya ce da can mutum zai kawo gyara ya bar waya sati guda hankalinsa kwance, yanzu kuwa a wuyanka zai tsaya, saboda bankinsa na ciki, shagonsa na ciki, hotunan iyalinsa na ciki, layin ma an haɗa shi da NIN. Kuma haka ne, duk wanda ya ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 ya sani, lokacin da tsaba ta yi ɓatan dabo hatta mai ƙosai sai da ta koyi jiran alat. Mahaifiyata ba ta karanta boko amma kullum sai ta turo min saƙon murya a WhatsApp, ta saurari tafsiri, ta ga jikokinta na Abuja a bidiyo kol. Sai dai kuma ka je majalisa yanzu mutum shida a kan benci kowa kai a sunkuye, ka yi sallama sai ɗaya ya amsa, shi ma bai ɗago ba.

To in dawo kan shagon, ba wai babu aibu ba. Minti 40 ya ce min, sai da na shafe kusan awa uku, don duk wanda ya leƙo da matsalar caji sai ya ajiye tawa ya duba tasa, in na yi magana ya ce yanzun nan Alhaji, yanzun nan. Wurin zama benci ɗaya ne tal, ga hayaƙin janareton maƙwabta yana shigowa kai tsaye, na fito kaina na sarawa. Kuma kafin ka ƙarasa shagon sai ka yi ta kakkaɓe yaran da ke tare mutum a hanya suna oga me za a gyara, in ka biye musu sai sun ɗora nasu a kan kuɗin.

Aikin kansa kam ya yi. Tachi na tafiya sumul, bai bar gam ya ɓullo ta gefe ba, ya manna min gilas kyauta, ya rubuta garantin sati biyu a rasit ya sa hannu. Yau kwana tara ban ga matsala ba, illa ta hasken rana da ya riga ya faɗa min, da azahar sai na kare da tafin hannu nake ganin alat. In maki ne zan ba shi 8 cikin 10, biyun na cire ne saboda zaman jira. Shawarata in za ka je ka sammaka kafin kasuwa ta cika, kuma in kana da hali ka sa orijinan.

Da zan tafi na taya 3310 ɗin nan naira 10,000, ya yi dariya ya ciro ta ya danna, wallahi ta kawo wuta har da hannayen nan biyu suna gaisawa. Ya mayar ya kulle kwabar ya ce ta mahaifinsa ce.