GDP ko HDI, wanne ya fi nuna ci gaban ƙasa?

GDP dai lissafin kuɗi ne zalla, a tara abin da ƙasa ta samar a shekara, in ana son a san kason kowane mutum sai a raba da yawan jama'a, shi ke nan, ba ruwansa da aljihun wa kuɗin ya shiga. Dubi Ikwatoriyal Gini, fetur ya ɗaga lambarta sama amma talaka can yana fama da ruwan sha da asibiti. HDI kuwa, wato ma'aunin ci gaban ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitarwa a 1990, tunanin Mahbub ul Haq ɗan Pakistan, yana haɗa kuɗin shiga da tsawon rai da shekarun makaranta, maki daga 0 zuwa 1. Gaskiya shi na fi yarda da shi, ko da yake shi ma kuɗin goro yake yi, Legas da ƙauyukan Yobe duk maki ɗaya na Najeriya.