Darasi 20 ina tuƙi, ashe ƙafar Malam ce ke riƙe da motar

Wata biyu ke nan da samun lasisina, sai yanzu na ga ya dace in rubuta wannan sharhin. Da a ranar da na faɗi jarrabawar farko na rubuta shi, da abin da zai fito daga bakina bai yi daɗin ji ba. Makarantar koyon tuƙin ba sai na kira suna ba. Tsarinsu na darasi 20 na ɗauka, awa ɗaya kowane darasi, a mota mai giyar hannu, kuma kuɗin kun san ba na wasa ba ne.

Da farko ba ni da abin cewa sai yabo. Motar tsaf, malamin da aka haɗa ni da shi dattijo ne mai sanyin hali, ba ya tsawa, ba ya zagi. Ni kuwa mutum ne da in aka daka mini tsawa sai hannuna ya hau rawa. Fakin tsakanin motoci biyu, wanda kowa ke tsoro, a darasi uku na iya shi, don ya nuna mini daidai inda zan tsaya da lokacin da zan karya sitiyari. Har abokai biyu na tura musu. Allah ya sa su yafe mini.

Abin da ya fi faranta mini rai a lokacin shi ne mota ba ta taɓa mutu mini a hannu ba. Ko sau ɗaya. Ina jin masu koyo suna kukan kuloci, wai ta mutu musu a gaban danja ana ta danna musu oda daga baya, ni sai dai in yi murmushi. Na ɗauka baiwa ce. In muka tsaya a tudu, in ɗaga ƙafa daga birki, in taka totur, mota ta lallaɓa ta haye kamar an shafa mata mai. Malam ya ce, "Madalla, ka ga hannu ya faɗa." Ni kuma kai ya kumbura.

Ranar jarrabawa da motar makarantar aka yi. Mai jarrabawa ya shigo ya zauna a kujerar Malam, ya ɗaura bel, ya ja ƙafafunsa baya ya naɗe su ƙarƙashin kujera, takarda a kan cinya. Na lura da yadda ya janye ƙafafun nan, amma ban kawo komai a raina ba. Wajen minti goma muna tafiya, a ganina lafiya lau. Sai muka iso wata mahaɗa a kan ɗan tudu, da allon tsayawa, jan nan mai kusurwa takwas. Wannan kam na sani: ba rage gudu ake yi ba, tsayawa ake yi cak sai tayoyi sun daina juyawa, ko da ba kowa a hanya. Na tsaya. Na duba nan, na duba can. Na sa giya ta ɗaya, na ɗaga ƙafa daga birki kamar yadda na saba.

Sai na ga allon yana nisa da ni. Wallahi na ɗan lokaci na ɗauka allon ne ke tafiya. Mota ce ke zamewa baya. Na ruɗe, na saki kuloci gaba ɗaya, ta yi tsalle ɗaya ta mutu, ta ci gaba da gangarawa. Akwai mai babur a bayanmu, na ji odarsa kamar a cikin kunnena. Kafin ƙafata ta lalubo birki, mai jarrabawa ya fizgi birkin hannu, ƙarrr, muka tsaya. Bai ɗaga murya ba. Ya rubuta wani abu, ya ce, "Tayar da ita, mu koma." Na ce, "Yallaɓai, a ba ni dama in sake." Ya ce da zarar sai da ya sa hannu a mota don kare haɗari, magana ta ƙare, sauran tafiyar rakiya ce kawai.

Da muka koma ya miƙo mini takardar, nan na ga ashe tun kafin tudun na riga na tara wa kaina. Sau huɗu na kunna trafiketa ban duba madubi ba tukuna. Da zan tashi daga gefen titi ban waiwaya ta kafaɗa ba. Na sha kwana ƙafata na danne da kuloci, mota na tafiya da nauyinta kawai, injin bai riƙe ta ba. A shataletale kuma na tsaya ina ta jira alhali hanya ta buɗe har sau biyu. Wannan ya ba ni mamaki, don ni a tunanina yawan jira ai hankali ne. Ya ce a'a, wanda ke cikin shataletale shi ke da hanya, gaskiya ne, amma in gurbi ya samu ka ƙi shiga, ka tare na bayanka, kuma ka nuna ba ka iya auna gudun abin da ke tahowa ba. Duk waɗannan ba wanda ya taɓa gyara mini ko ɗaya a cikin awa 20.

Tudun ne dai ya tsaya mini a rai. Kwana biyu ina juya abin, me ya sa ranar kaɗai ta zame? Sai hoton ƙafafun mai jarrabawa ya dawo mini. Motocin koyo suna da birki da kuloci na biyu a ɓangaren malami, kowa ya san wannan, don a ceci rai aka yi su. Na koma makarantar na sami Malam yana goge gilashi. Na gaishe shi, na ce, "Malam, don Allah tambaya ɗaya. In muka tsaya a tudu, ƙafarka tana ina?" Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Ai ina ɗan taimaka maka ne. Ku masu koyo kuna cinye kuloci, in ya ƙone ni za a tuhuma." Haka ya faɗa, ko a jikinsa. Wato shi ke riƙe birki har sai mota ta kama, in ta yi kamar za ta mutu ya danne kuloci ta ɓangarensa. Ni ina nan ina murza sitiyari ina jin kaina direba.

Ba faɗuwar ce ta ƙona mini rai ba, mutane nawa suka faɗi suka sake. A ce ka biya kuɗi don a koya maka abu, a ɓoye maka cewa ba ka iya ba, a kuma yaba maka a kai. Da a jarrabawa ba a gano ba fa? Da ina da iyalina a mota a wani tudun, babbar mota a baya?

Sai dai in zan yi adalci, abin da ya biyo baya ya ɗan sanyaya mini zuciya. Na yi ƙorafi a ofis, suka canza mini malami, wani matashi da bai kai ni shekaru ba. Ranar farko ko tayar da mota ba mu yi ba sai da ya sa na gyara kujera da madubai uku. Sannan ya fita, ya je ya tsaya daura da ƙofar baya, ɗan nesa da jikin motar, ya ce, "Yaya, nemo ni a madubi." Na duba na tsakiya, babu shi. Na duba na gefe, babu shi. Na waiwaya, ga mutum tsaye yana ɗaga mini hannu. Ya ce to inda nake tsaye ɗin nan babur ke ɓuya, har ƙaramar mota ma tana iya ɓacewa a wurin. Tun ranar wuyana ya koyi juyawa. Ya ƙara da cewa mai jarrabawa ba ya ganin ƙwayar idonka, motsin kanka yake gani, saboda haka in za ka duba madubi ka duba yadda za a san ka duba.

Tudu kuwa, darasi biyu cur muka yi a kansa, ƙafafunsa a naɗe inda nake ganinsu. Ka ja birkin hannu, ka danne kuloci, ka sa giya ta ɗaya, ka ɗan ba ta wuta, sannan ka riƙa ɗago ƙafar hagu a hankali har ka ji ƙarar injin ta sauya ta yi ƙasa, gaban motar ya ɗan ɗaga kamar tana son tafiya an riƙe ta. Nan ne kuloci ya kama. Ka tsayar da ƙafarka a nan, ka sauke birkin hannu, sai ta tafi gaba. Ta mutu mini ya fi sau goma a rana ta farko, har na ji ƙaurin kuloci. Bai ce uffan ba, sai dai "sake". Ya kuma gaya mini cewa mutuwar mota ita kaɗai ba lallai ta kayar da mutum ba, in dai ka taka birki, ka tsare ta, ka tayar a natse. Ruɗewar da ke biyo baya ce ke kayarwa, kuma ita ce ta kayar da ni.

Shi ne kuma ya kama ni ina sunkuyar da kai ina kallon giya duk lokacin da zan canza. Ya ce a gudun kilomita 50 a awa, mota na cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, in na yi daƙiƙa biyu ina neman giya ta uku da ido, na yi mita 28 ido a rufe ke nan. Ya sa na riƙa canza giya mota a kashe, ina kallon gaba, har hannuna ya haddace wurin kowace. Wannan ma Malam na farko yana zaune a gefena ya gan shi sau ɗari bai tanka ba.

Na sake jarrabawa na ci, da 'yan kurakurai biyu ƙanana. A nan na so in ce komai ya wuce, in ba su tauraro huɗu. Amma ina cikin rubutun nan na tuna cewa darussa shidan da na yi da matashin sai da na biya su daban, cikakken kuɗi, bayan su da bakinsu sun amsa cewa laifin daga wajensu ne. Na biya kuɗin hayar motar jarrabawa karo na biyu. Sau biyu suna ɗage mini darasi ina tsaye a bakin ƙofarsu, ba kira ba saƙo. Matar da ke ofis ta ce za a duba a rage mini wani abu, har yau ana dubawa. Kuma dattijon yana nan yana koyarwa, jiya ma na hango shi da wata ɗaliba sun tsaya a danja, tana ta murmushi, mota ba ta mutu mata ba.

Tauraro biyu na ba su, kuma duka biyun na matashin ne. Ɗaya daga cikin abokan da na tura yana darasi na 12 da Malam yanzu. Na kira shi na ce gobe in sun isa tudu ya roƙe shi ya janye ƙafafunsa baya, ya ga abin da zai faru. Ya ce shi ai motarsa ba ta taɓa mutuwa ba.