Tsohon maɓallin azurfa daga Bergen, bayan hunturu biyu

Shekara biyu ke nan da na sayi wani tsohon maɓallin azurfa a shagon tsofaffin kaya a Bergen, wani birni a ƙasar Norway, sai yanzu zan faɗi ra'ayina, don irin wannan kaya ba a sanin ingancinsa sai ya sha sanyi da ruwa.

Mutanen Norway suna da tufafin gargajiya da suke kira bunad, ana fitowa da su ranar 17 ga Mayu, wato ranar bikin ƙasarsu, da lokacin biki. In sanyi ya matsa sai a yafa mayafin ulu mai kauri a kai, kamar dai alkyabba, a haɗe bakinsa a wuya da maɓalli. Nawa ɓari biyu ne, ɗaya da ƙugiya, ɗaya da zobe, kowanne da ramukan da ake ɗinke shi a jikin yadi. An murɗa siririyar wayar azurfa an fitar da furanni, aikin da in maƙeran farinmu suka gani za su jinjina wa mai shi.

A bayansa an buga 830S, wato cikin kashi 1000, kashi 830 azurfa ce, sauran galibi tagulla. Na so in raina shi da na ji bai kai 925 ba, wato ma'aunin azurfar da aka fi sani, ashe wannan gaurayen ne ke ƙara masa tauri. Iskar Bergen ta sha fizgar mayafina a bakin teku, ƙugiyar ba ta taɓa miƙewa ba.

Abin da ya ɓata mini rai, mai shagon bai gaya mini an taɓa like zoben da dalma ba. A wata na huɗu ya ɓalle ina cikin bas, Allah ya taimake ni ya faɗa a cinyata. Maƙerin da ya gyara shi sai da ya kankare dalmar tas kafin ya like da azurfa. Duk mai saye ya juya bayan ya duba da kyau, in ya ga tabo mai launin toka, ya nemi ragi.

Na kuma yi kuskure ɗaya. Na goge ɓari guda da man goge azurfa har ya yi fari fat, sai furannin suka dushe, domin baƙin da ya kwanta a lungunan shi ke fito da zanen. Ɗayan ɓarin tsumma mai laushi kawai nake shafa masa, kuma ya fi ɗan'uwansa kyau nesa ba kusa ba.