PUBG ko wasan tebur: wanne ya fi kisan banza?

Yaya, kin tambaya ko ki bar ɗanki ya bi abokansa wasan tebur na Dungeons & Dragons da suke yi daren Alhamis a nan Jidda, ko gara ya zauna gida da wasan bidiyonsa na PUBG, tunda an ce miki duka biyun kashe-kashe ne. Kisa kam akwai a kowanne, amma hanyarsu daban.

A PUBG mutum 100 ake zubawa a tsibiri ɗaya, fili yana ta tsukewa, wanda ya rage shi ya ci. Free Fire ma haka, sai dai su 50 ne. Tsarin bai bar ƙofar sulhu ba, ko yaro mai tausayi ne, in bai harba ba a harbe shi. GTA V ta fi damuna, don a can kana iya take mai tafiya a ƙasa da mota ba gaira ba dalili, 'yan sanda su biyo ka, ka ɓace musu, magana ta wuce.

Shi wasan tebur babu allo. Mutum huɗu ko biyar ke zama da takarda da fensir da 'ya'yan ludo masu fuska da yawa. Ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da zai yi. Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974, kuma a dokokin farko mafi yawan maki daga dukiyar da aka kwaso ake samu, don haka wanda ya lallaɓa ya wuce dodo yana barci bai yi asara ba. Daga baya, musamman a bugu na 3 na shekarar 2000, makin ya koma kan cin galabar dodanni, 'yan wasa suka koyi sara kafin sallama. Sai ki ji yaro ya ce ya kashe mai shago don kada ya biya kuɗin takobi. Wannan a wurina ya fi harbin PUBG muni, domin da bakinsa ya zaɓa, ba wanda ya matsa masa.

Duk da haka tebur na fi so masa, saboda mai jan labarin mutum ne. Yana iya cewa mai shagon ya bar marayu, gari ya rufe wa jarumin ƙofa, alƙali yana nemansa, abokai kuma suna zaune suna kallonsa. Bugu na 5 na 2014 ma ya ba mai jan labari damar ƙara wa jarumai matsayi bisa inda labari ya kai, ba sai an ƙirga gawa ba. Kwamfuta ba ta iya haka sai an gina ta a kai. Undertale, wani wasan kwamfuta na 2015, ana iya gama ta ba a kashe kowa ba, amma irinta ba su da yawa.

Game da tsoron ya zama mugu, ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta ce a 2020 babu isasshiyar hujjar da ke haɗa wasannin bidiyo da aikata ta'asa a zahiri, ko da yake an ga ɗan ƙarin tsawa da ture-ture.

Ba zan ɓoye miki ba, labaran tebur ɗin akwai sihiri da allolin ƙage a ciki, amma mai jan labari yana iya cire su. Saboda haka ki nemi sanin wa ke ja musu, shekarunsa nawa. In da hali, ki ce su yi zaman farko a falonki, ki ji da kunnenki abin da ke biyo baya idan wani ya zare takobi.