Rumbun alƙaluman MRIP: abin da fatsa ke iya faɗa game da kifin teku

Duk mai son sanin yawan kifin da masu fatsa don nishaɗi ke kamawa a gaɓar tekun Amurka, da wuya ya sami madogarar da ta fi shirin MRIP, mai tattara alƙaluman wannan kamu, wanda NOAA, hukumar Amurka mai kula da teku da yanayi, ta kafa a 2008 domin ya gaji tsohon binciken da aka faro a 1979. Rumbun a buɗe yake a intanet, kyauta, kuma mutum zai zaɓi jiha da shekara da irin kifi, alƙaluman su fito masa nan take.

Ta hanya biyu ake tattara su. Ma'aikata kan tsaya a bakin ruwa su tari waɗanda suka dawo daga kamu, su ƙirga kifin, su auna tsawonsa da nauyinsa, su kuma tambayi nawa aka mayar ruwa. Sannan ana aika takardar tambayoyi gidaje ta gidan waya domin sanin sau nawa aka fita kamu, sai a haɗa biyun a fitar da ƙiyasi duk wata biyu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a ɓoye raunin ƙiyasin ba, domin kowane adadi yana tafe da ma'aunin kuskurensa, wanda idan ya haura kashi 50 hukumar da kanta ke cewa kada a dogara da shi. A 2023 ma ita ce ta bayyana cewa yadda aka jera tambayoyin takardar yana iya sa an kumbura yawan fita da kashi 30 zuwa 40. Jihar Luwiziyana kuwa tun 2014 take gudanar da nata binciken maimakon dogaro da na MRIP.

Sai dai damuwata ta fi ƙarfi a wani wuri. Kifin da ke taruwa wuri guda lokacin zuba ƙwai yana ci gaba da cika kwale-kwale ko da yawansa na raguwa a teku, musamman yanzu da na'urar gano kifi ke kai mai fatsa daidai kan garken, don haka yawan kamu yakan nuna lafiya alhali kifin na ƙarewa a ƙasa. Saboda haka ina amfani da rumbun wajen bin sauyin shekara da shekara a yanki mai faɗi, tare da ƙidayar kifin da jiragen bincike ke yi, amma ba na yanke hukunci da shi a kan mashigin ruwa guda cikin wata biyu.